Counsilman ko Reese: tsarin wa za a ɗauka zuwa bakin kwami?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. In mutum zai zauna ya nazarci aikin kocin ninƙaya guda ɗaya na jami'o'in Amurka, don ya tsinci abin da zai yi aiki da shi a bakin kwami, da wa zai fara? Sunaye biyu nake ta ji, Counsilman da Eddie Reese.

Kwaɗon Rafi: Wa alaikumus salam. Reese mana. Kofin gasar jami'o'i ta ƙasa 15, magana ta ƙare.

Baba Mai Agogo: Yaro, bar ƙirgen kofi tukuna. Fara da James Counsilman, wanda ake ce wa Doc. Ya karɓi ƙungiyar maza ta Jami'ar Indiana a 1957, ya riƙe ta sama da shekara 30. Ya ci gasar jami'o'i ta ƙasa, wato NCAA, sau shida a jere daga 1968 zuwa 1973, ya kuma ci ta yankinsu, Big Ten, sau 20 a jere daga 1961 zuwa 1980. Shi ya jagoranci mazan Amurka a Olamfik ta Tokyo a 1964 da ta Montreal a 1976, inda suka kwashe zinare 12 cikin 13. Mark Spitz mai zinare bakwai a Munich a 1972 ɗalibinsa ne. Amma ba wannan ne dalilin da na ce ka fara da shi ba. Dalilin shi ne agogo. Babban agogon nan mai hannun sakan da ake kafawa a bakin kwami, shi ake jingina wa yaɗa shi, kuma da shi horo ya tashi daga "ku yi ta iyo sai na ce ku tsaya" ya koma lissafi. Ga yadda ake yi. Ka ce mita 100 sau 10, tashi duk bayan 1:45. Wanda ya taɓa bango a 1:25 yana da hutun sakan 20, wanda ya iso a 1:40 yana da biyar. Kowa ya karanta lokacinsa da kansa. A layi ɗaya a bar tazarar sakan biyar tsakanin mutum da mutum, mafi sauri a gaba. Abin da za ka duba ba na farko ba ne, na bakwai da na takwas ne. In lokaci ya zame da fiye da sakan huɗu ko biyar daga inda aka fara, ko dai ya fita da wuta tun farko, ko tazarar tashin, wato 1:45 ɗin, ta yi masa kaɗan. Ka ƙara masa sakan biyar ko goma, kada ka yi masa tsawa.

Ɗan Auta: Baba, tazarar fa, yaya ake sanin wadda ta dace da kowa?

Malama Mai Usur: A gwada shi. Mita 400 iya ƙarfinsa, ya huta sosai, sai mita 200 iya ƙarfinsa. A cire lokacin 200 daga na 400, a raba biyu. Misali 6:00 da 2:50, bambanci sakan 190, rabi 95, wato 1:35 a kowace mita 100. Wannan ne saurin da zai iya riƙewa. A ɗora sakan 10 zuwa 15 a kai, an samu tazara. A sake gwajin bayan mako huɗu zuwa shida. Wannan lissafin ba na Counsilman ba ne, daga baya ya zo, amma a kan agogonsa yake tafiya.

Kwaɗon Rafi: Zinare ɗayan da ya kuɓuce musu a Montreal fa, Baba? Ko an ɓoye?

Baba Mai Agogo: Mita 200 ta iyon kwaɗo. David Wilkie na Birtaniya ya ɗauke. Danginka ne suka ba su kunya.

Na Bakin Gulbi: Ni ina tare da Kwaɗo, amma ba don yawan kofi ba. Reese ya zo Jami'ar Texas a 1978 daga Auburn, ya ci kofin farko a 1981, na ƙarshe a 2021. Shekara 40 tsakaninsu. An canza dokokin juyi, an kawo iyon ƙarƙashin ruwa, an kawo rigunan roba an kuma hana su, mutumin yana nan yana ci. Sau biyu yana jera huɗu, 1988 zuwa 1991 da 2015 zuwa 2018. Darasin da ke wurinsa na haɗa ƙungiya ne. A tsarin makin da aka daɗe ana bi a NCAA, mutum 16 ke samun maki a kowane tsere: na ɗaya 20, na biyu 17, na uku 16, har zuwa na 16 mai maki ɗaya. Tseren karɓa-karɓa kuma ninki biyu ne, na ɗaya 40. To ka lissafa. Gwarzo ɗaya ya ci tsere, maki 20. Mutum uku sun zo na biyar da na shida da na bakwai, 14 da 13 da 12, maki 39. Kowane ɗan wasa kuma tsere uku kawai zai shiga shi kaɗai. Shi ya sa kocin jami'a da ya tare a kan tauraro ɗaya ba ya ɗaukar kofi. Aikin yana wurin yaron da ke layi na huɗu, wanda ba wanda ya san sunansa.

Malama Mai Usur: Taurarin ma ai yana da su. Aaron Peirsol, Brendan Hansen, Ian Crocker. Da Joseph Schooling ɗan Singafo da ya doke Michael Phelps, gwarzon ninƙaya na Amurka, a mita 100 ta salon iyon malam-buɗe-littafi a Rio a 2016, da sakan 50.39.

Kwaɗon Rafi: Ranar da mutum uku suka yi kunnen doki a na biyu. Har yau abin na ba ni dariya.

Likitan Ƙashi: Ku yi mini haƙuri, zan tsawaita, don duk inda aka ambaci Counsilman sai wani ya je ya kwaso abu ɗaya da ke kashe mutane. Horon taƙaita numfashi. Shi ya yaɗa shi a shekarun 1970: numfashi duk bayan hannu uku, ko biyar, ko bakwai, ana iyo a saman ruwa. Tunanin lokacin shi ne zai yi kama da horo a kan tsauni. Bincike daga baya ya nuna yawanci jiki yana sabawa ne da taruwar gurɓatacciyar iskar da ake fitarwa, ba wani abu ya wuce haka ba. Har nan ba laifi. Ɓarnar tana zuwa ne in koci ya mayar da shi gasar wa zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Yaro ya tsaya a bango ya yi ta zuƙa yana fesarwa da sauri sau goma ko ashirin, yana zaton yana cika tanki ne. Ba oksijin yake ƙarawa ba. Waccan iskar yake zubarwa, ita kuwa ita ce ƙararrawar da ke ce wa ƙwaƙwalwa a fito a shaƙa. Ya kashe ƙararrawa, oksijin na ta raguwa, sai ya suma bai ji komai ba. Ba ihu, ba fafutuka, ba ɗaga hannu. Kwanciya kawai zai yi a ƙasan kwami, na kusa da shi su ɗauka wasa yake. Minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Kuma gwanaye yake ɗauka, don su ne masu taurin kan jurewa. Ƙa'ida: ba zuƙe-zuƙen numfashi kafin nutso, numfashi ɗaya ko biyu na al'ada ya isa. Ba gasar riƙe numfashi ko da wasa. Ƙarƙashin ruwa kada ya wuce mita 15, wanda dama nan doka ta tsaya a gasa, a kuma ba da cikakken hutu tsakani. Kada a yi shi a ƙarshen horo lokacin da aka gaji. Mutum ɗaya a tsaye a waje, ba waya a hannunsa, aikinsa kallon ƙasan ruwa kaɗai. Wanda ba zai iya cika waɗannan ba ya bar wannan babin gaba ɗaya, ba abin da zai rasa.

Shugaban Zaure: Na maƙala wannan a sama. Allah ya saka, Likita.

Ɗan Auta: Amin. To littafin Counsilman fa, a nema?

Baba Mai Agogo: A nema. The Science of Swimming, 1968. Amma ka karanta da shekarar a ranka. Shi ne ya shiga ƙarƙashin ruwa da kyamara ya ɗauki hannun gwanaye, ya ga ba a miƙe yake tafiya ba. Daga nan ya kawo bayanin cewa hannu na aiki kamar fiffiken jirgi, aka yi shekaru ana koya wa yara su zana lanƙwasa a cikin ruwa. Yau an bar wannan. Lanƙwasar da ake gani yawancinta juyin jiki ne ke kawo ta. Abin da ake koyarwa yanzu: yatsu su fara shiga daidai faɗin kafaɗa, gwiwar hannu ta tsaya sama, tafin hannu da damtse su fuskanci baya da wuri, a tura ruwa baya. Hanyarsa ka ɗauka, wato ɗaukar hoto da aunawa. Wayarka a cikin jakar da ruwa ba ya shiga ta fi kyamarar da ya yi aiki da ita.

Na Bakin Gulbi: Ka ga Baba da kansa ya yarda mutuminsa ya yi kuskure.

Baba Mai Agogo: Wanda bai auna komai ba ai ba ya kuskure. Kuma mutumin nan yana da shekara 58 ya ratsa mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo, a 1979. A lokacin ba wanda ya kai shi shekaru a cikin waɗanda suka taɓa yi. Kawo mini naka.

Kwaɗon Rafi: Nawa ya yi ritaya a 2021 ya fasa, sai 2024 ya tafi da gaske. Shi ma ai juriya ce.

Malama Mai Usur: Ku dai kuna ta maza. Richard Quick ya ci biyar a jere da matan Texas, 1984 zuwa 1988, kafin ya koma Stanford ya ci gaba. Todd DeSorbo ya jera biyar da matan Virginia daga 2021 zuwa 2025. Ba wanda ya ambace su.

Na Bakin Gulbi: A yi haƙuri, Malama. A ƙara da Anthony Nesty kocin Jami'ar Florida, ɗan Suriname da ya doke Matt Biondi na Amurka da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan a Seoul a 1988, ya kuma jagoranci mazan Amurka a Paris a 2024. Duk mai ce maka baƙar fata ƙashinsa ya yi nauyi da iyo, ka tura masa wannan.

Likitan Ƙashi: Tunda an dawo kan hannu: kafaɗa. Abu uku ke cinye ta. Shigar da babban yatsa farko, tsallaka tsakiyar jiki da hannu, da manyan faifan da ake ɗaurawa a tafin hannu don tura ruwa ga wanda bai yi ƙwari ba. Faifai kada ya fi tafin hannu da yawa, kuma a cire shi da zarar gwiwar hannu ta fara faɗuwa. Kada a ƙara yawan mita na mako da fiye da kashi 10 cikin 100. Kafin shiga ruwa, roba mai talewa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, a buɗe hannu waje sau 15, zagaye biyu ko uku.

Ɗan Auta: Yaya Na Bakin Gulbi, an ce Reese gwani ne wurin sauke horo kafin gasa. Yaya abin yake?

Na Bakin Gulbi: Da shi aka san shi. Gasar NCAA a watan Maris take, duk aikin tun daga kaka saboda kwanakin nan ne. Abin da aka saba: mako biyu zuwa uku kafin gasa a rage yawan mita a hankali har ya sauka da kusan rabi, amma kada a taɓa saurin. Gajerun tsere da saurin gasa, hutu mai tsawo. Ɗaga ƙarfe shi ake fara ragewa. Mai jiki da tsoka, ɗan gajeren zango, ya fi buƙatar dogon hutu. Siriri ɗan dogon zango in ka hutar da shi da yawa sai ya rasa jin ruwa. Kuskuren da aka fi yi: a tsakiyar saukewar 'yan wasa kan ji jikinsu ya yi nauyi, lokutansu su lalace na 'yan kwanaki. Koci ya firgita ya dawo da horo mai tsanani, shi ke nan ya zubar da aikin wata shida. Sai an daure. Kuma wanda bai tara aiki ba, ba abin da zai sauke.

Malama Mai Usur: Gargaɗi ɗaya kafin wani ya kwafo jadawalin Texas daga intanet. Kwaminsu na gasar jami'a yadi 25 ne, wato mita 22.86. Yadi 100 mita 91.44 ne, da juyi uku, alhali mita 100 a kwamin Olamfik juyi ɗaya ne. In ka ɗauki tazararsu ta yadi ka ɗora wa yara a mita, ka cuce su. A ƙara aƙalla kashi 10 cikin 100. Su kuma mutane ne da suka shekara goma suna iyo kafin su shiga jami'a.

Kwaɗon Rafi: Shi ya sa suke rabin rayuwarsu a ƙarƙashin ruwa. Mita 15 daga kowane bango a kwamin da bai kai 23 ba, me ya rage?

Baba Mai Agogo: Shi ya sa kuma wasu zakarun yadi ke ɓacewa in an je dogon kwami.

Na Bakin Gulbi: Léon Marchand ɗan Faransa, zakaran yadi a Jami'ar Arizona State, bai ɓace ba. Zinare huɗu a Paris, daga hannun Bob Bowman.

Baba Mai Agogo: Bowman kocin kulob ne da Allah ya haɗa shi da Phelps.

Na Bakin Gulbi: Haba Baba. Ya ci NCAA da Arizona State a 2024, ya gaji Reese a Texas ya sake ci a 2025. Jami'a biyu, shekara biyu a jere.

Shugaban Zaure: Maganar Bowman a buɗe mata nata zaren. Ɗan Auta, ka samu amsa?

Ɗan Auta: Na samu uku, ranka ya daɗe. Agogon dai nake tunani yanzu. In babu irin na bakin kwami fa?

Malama Mai Usur: Agogon bango mafi girma da za ka samu, fari, mai jan hannun sakan da ke tafiya sumul ba mai tsalle ba. Ka yi wa 60 da 15 da 30 da 45 alama da baƙin salatif. Ka kafa shi a gefen kwami kusa da inda ake tashi, ƙasa-ƙasa yadda na cikin ruwa zai gani, kuma kada ya fuskanci rana, gilashin na ƙyalli. Ka rufe bayansa da leda saboda batir.

Kwaɗon Rafi: Ka kuma ɗaure shi da waya, kada iska ta koya masa iyo.