Neman kalmar Hausa: me za mu kira "human enhancement"?

1/ Malamai da likitocinmu na Kebbi da Zamfara, ina neman taimakonku. Turawa na cewa human enhancement idan an yi amfani da fasaha a ƙara wa lafiyayyen mutum ƙarfi, kaifin ƙwaƙwalwa ko jinkirin tsufa, fiye da abin da aka san ɗan Adam da shi. Me za mu kira shi?

2/ A majalisarmu ta Birnin Kebbi an kawo "canza halitta". Ban yarda ba. Duk wanda ya ji ta, aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci canza halittar Allah cikin umarnin Shaiɗan, ita ce za ta faɗo masa, hukunci ya riga bincike ke nan.

3/ Ga abin da ke damuna. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin sikila da ake gyara ƙwayoyin gadon majinyaci da fasahar CRISPR. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, bai kusa da mu ba tukuna. Amma ranar da ya iso, ba na son uwar da ta kwana tana matsa wa ɗanta ƙafafu ta ji an ce mata wannan canza halitta ne, ta fasa. Magani ne. Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Mayar da abin da ya ɓaci sunansa gyara, a bar masa "gyaran halitta".

4/ "Inganta ɗan Adam" tana nuna kamar halittar ba ta da inganci. "Ƙarin ƙarfi" kuwa masu tallan magani a tasha sun riga mu.

5/ Wani dattijo daga Argungu ya ce "ƙarin halitta". Baba, ta yi kusa, sai dai mai sauraro zai zaci cindo ake nufi.

6/ Tawa shawarar: "zarce halitta". Ba ta halatta ba, ba ta haramta ba, ta dai nuna an wuce iyakar da aka sani. Kamfanin Neuralink ya dasa na'ura a ƙwaƙwalwar wani shanyayye a Janairun 2024, yana sarrafa kwamfuta da tunani: gyara ne. A dasa wa lafiyayye don ya fi abokan aikinsa: zarce halitta.

7/ Inda nake son ku gwada ta shi ne aikin He Jiankui, wani masanin kimiyya na ƙasar Sin. A 2018 ya taɓa ƙwayoyin gadon wasu tagwaye mata tun kafin a dasa cikinsu, da nufin kada ƙanjamau ya kama su, alhali ba su da cutar. An ɗaure shi shekara 3. Ni a wurina zarcewa ce, domin canjin zai iya bin 'ya'yansu da jikokinsu, waɗanda ba a shawarta ba. Likitoci, riga-kafi za ku kira shi, ko kun yarda da ni?