Mudu, Bulo da Turmin Atamfa

Dattijo, Kaltungo

Salama gare ku, 'yan'uwa masu sana'a,
Ran Lahadi mun cika majami'a,
Mun yi waƙa, mun durƙusa mun yi addu'a,
To ran Litinin ina bangaskiyar take zuwa?

Ba na son amsar "a riƙe gaskiya" kawai,
Wannan ɗan Makarantar Lahadi ya iya ta sarai,
A nuna mini ƙofar da cuta ke shiga daidai,
Kowa ya tona asirin tasa kasuwa.

Mama Mai Awo, Tudun Hatsi

Baba, sannu da ƙoƙari, mu fara da mudu,
Akan buge gindinsa da guduma ya yi tudu,
A ido yana nan, cikinsa kuwa ya gudu,
Mai saye ya biya cikakke, ya tafi da raguwa.

Wata na da kwano biyu ƙarƙashin tabarma,
Na saye a ƙauye mai zurfi ne da girma,
Na sayarwa ƙarami, an datse bakinsa ma,
Kubawar Shari'a 25:14 ta hana ko ajiyewa.

Magani mudu guda ne, na shiga shi ne na fita,
Mai shakka ya kawo nasa, a zuba a kwatanta,
Tozo ya tsaya yadda kasuwa ta sharɗanta,
Luka 6:38: da mudunka za a auna maka, ɗan'uwa.

Manomi, Billiri

Mama, kin faɗi awo, ga abin da ya fi muni:
Zuba wa wake Sniper a ce wai magani,
Ƙwaro ya mutu, guba ta zauna ba a gani,
Ta bi ƙosai da alale har cikin 'ya'yan kowa.

Ga buhun PICS nan mai riga uku,
Leda biyu da saƙaƙƙe, ku nemi huji da idonku,
Ku matse iska, ku ɗaure kowacce daban da igiyarku,
Ƙwaro ya rasa numfashi, ya mutu babu fesawa.

Amma sai hatsi ya bushe: busasshiyar kwalba da gishiri,
A zuba hatsi sulusinta, a girgiza, a yi jinkiri,
Minti 15, in gishiri ya manne a jikinta, a koma shanya da sauri,
In ba haka ba sai fumfuna, mai cin hanta ba sanarwa.

Ɗan Kasuwa, Kumo

Kawu, ina da ja, a warware mini wannan:
Karin Magana 11:26, mai ɓoye hatsi ana tsine masa a nan,
Yusufu kuwa ya tara na shekara 7 a Masar can,
Mai saye da kaka ya sayar da damina fa, laifi ne ko dacewa?

Dattijo, Kaltungo

Ɗana, rabi ka karanta, ƙarasa labari:
Yusufu ya buɗe rumbuna da yunwa ta shigo gari,
Ajiya hidima ce, ba don ita ba Agusta sai garari,
Ka lissafa buhu, hayar sito, dako da ramewa.

Ka ɗora riba a kai, wannan ta halatta,
Amma kasuwa ta bushe, jama'a ta galabaita,
Kai ka garƙame sito kana jiran ta ƙara tsananta,
Nan tsinuwar take sauka, ba tsallakewa.

Haka mai ba manomi buhu guda da damina,
Ya karɓi biyu da kaka, ya ce "taimako na yi wa ɗan'uwana,"
Fitowa 22:25 na nan, ruwa a bashin talaka ta hana,
Ko an kira kura tunkiya, ba ta fasa cinyewa.

Magini, Bajoga

Baba, a ba mu fili, mu maƙwabtan kamfanin siminti na Ashaka,
Siminti a ƙofar gida, amma gini na rubzawa haka,
Buhu kilo 50 ne, kwano biyu cif zai ba ka,
Cutar magini cikin bango take, filasta ke rufewa.

Bulo inci 9, a buhu guda 25 zuwa 30 ya isa,
Mai haɗama ya buga 50, yashi ya rinjayi simintinsa,
Ka ɗaga guda daidai ƙirji, ka sake shi ƙasa,
In ya watse kamar dambu, ba bulo ba ne na ginawa.

Ban ruwa kwana 7 ne, safe da yamma,
Da danshi siminti ke ƙarfi, rana ba ta sa ya kama,
Zafin Maris ɗinmu kan busar da shi ta sama,
Ciki ya zauna gari, waje kamar ya gama haɗuwa.

An biya rodi mai kaurin milimita 12, a sa mai 10, a ce ai duk ƙarfe ne,
A zare katakon dekin kafin kwana 21, wai busasshe ne,
Ezekiyel 13:11: bangon da aka shafe da farar ƙasa mai faɗuwa ne,
Kankare 1, 2, 4 ne: siminti, yashi, tsakuwa.

Lebura kuma a sallame shi kafin rana ta faɗi,
Kubawar Shari'a 24:15 haka ta faɗi,
"Sai mai gida ya turo" ba ya sayen burodi,
A ware ladansa tun daga kuɗin somawa.

Tela, Gombe

Yaya, ka cika mu da ƙura, ni a taƙaice:
Turmi yadi 6 ne, in 5 ya isa, ragowar ta mai kaya ce,
Babbar ƙaryarmu ta Disamba, "zo gobe," ita ce
Ke hana amarya barci, ta sa yaro kuka ran fitowa.

In kina ɗinka 2 a yini, kwana 20 suka rage,
40 ke nan, cire 5 don wuta ta ɗauke ko yadi ya yage,
Mai kawo na 36, ki ce masa a'a, ki toge,
Matiyu 5:37: i ɗinki ya zama i, ba kewayewa.

Ma'aji, Dadin Kowa

'Yar'uwa, na gode. Saura zakka, ɗaya bisa goma: daga jari ko daga riba?
An sayo na 100,000, mota da dako 8,000, a duba,
An sayar 128,000, riba 20,000 ce in an raba,
A ganina zakka 2,000 ce, ƙari baiko ne gwargwadon iyawa.

Amma wanda ba ya rubutu ina zai san ribarsa?
Cefane daga aljihun shago, kuɗin shago a aljihunsa,
Littafi guda, shafi biyu: shigarsa da fitarsa,
Ran Asabar da yamma a zauna a yi tarawa.

Mama Mai Awo, Tudun Hatsi

Baba, an tona masu sayarwa, an bar masu saye:
"Zuba mudu 5, sai Lahadi," wata uku jari an cinye,
A tambaya, a ce ba ƙauna, a zumunta ma a janye,
Bashin 'yan ikkilisiya shi ya fi wuyar karɓowa.

Magini, Bajoga

Mama, ki rubuta suna da rana, ki sa shaida guda,
Kwamitin gini ma kan ce "aikin Allah ne, a sassauta, ka yarda,"
A bar magini ya faɗi kuɗinsa, in zai yi baiko ya bayar a fili da murna da shaida,
Ma'aji, kana ji? In an matse mu, buhun siminti ne ke raguwa.