Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan kawa, ƙumba da abincin halittun gaɓar teku

An yi doguwar tattaunawa kan kawa da ƙumba, wato halittun ruwa masu ɓawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda cewa mai son fahimtar gaɓar teku ya fara da tambayar wa ke cin wa. An yi ta kawo gwajin masanin halittu Robert Paine a gaɓar jihar Washington ta Amurka, wanda ya wallafa a 1966: ya kwashe taurarin teku (halittu masu siffar tauraro da ke cin ƙumba) daga kan duwatsu, sai ƙumba ta mamaye wurin, nau'o'in halittu suka ragu daga 15 zuwa 8. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo.

2. Kawa tana tace ruwa ne ta ci ƙananan tsirran da ke yawo a ciki, shi ya sa dafin wasu tsirran ke taruwa a jikinta. Dafuwa ba ta kashe wannan dafin. Idan hukuma ta rufe wuri, kada a ɗiba.

3. A mayar da ɓawon kawa cikin ruwa, 'ya'yanta a kansa suke mannewa.

4. Inda aka rabu: kiwon kawa. Wasu sun ce yana rage wa ta daji nauyi, wasu suka ce jigilar iri daga wata gaɓa kan shigo da cuta. Ba a cimma matsaya ba.