Albasa ba ta yi halin ruwa ba: wa aka zaga a ciki?

Ummu Khairat: Salam jama'a, dan Allah a raba gardama. Jiya a gidan suna gwaggona ta kalli ɗan ƙanina da ya ƙi gaida mutane ta ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba", uwar yaron ta sha kunu har aka watse. Ni a sanina ana faɗinta ne in ɗa bai ɗauko halin iyaye ba, to ina abin fushi tunda iyayen aka yaba?

Baban Sadiq: Hajiya an yabi iyaye amma an soki ɗa, wace uwa za ta ji daɗi. Ruwa ba yaji ba wari, shi ya raine ta, ta tashi tana sa mutane hawaye. Ba a faɗinta kan yaron da ya fi ubansa kirki.

Ɗan Galmi: Baba ranka ya daɗe, ni manomin albasa ne kuma karin maganar nan ta daɗe tana min ƙaiƙayi, ruwa ai ba uban albasa ba ne, iri ne ubanta. Rijiya ɗaya nake ban ruwa da ita, fara da ja kowacce da ɗanɗanonta. Shi ya sa ba ma barin kala biyu su yi fure kusa da juna, ƙudan zuma sai su cakuɗa maka iri, baɗi ka rasa gane ta garinmu Galmi ce ko wacce.

Malama Agirik: Ɗan Galmi ya taɓo inda nake so. Yajin nan gado ne. Albasa da tafarnuwa gida ɗaya suka fito, Allium, kuma suna da wani dangin ƙwayoyin gado da ke haɗa sinadarin alliinase, ba ƙwaya ɗaya ba ce, kwafi ne da yawa kamar 'yan gida ɗaya, da wuƙa ta shiga albasa sai sinadarin ya hau aikin fitar da yajin. A 2002 masu bincike a Japan suka gano akwai wani sinadarin daban, LFS, shi ne ke fitar da tiririn da ke shiga ido, har a 2008 a Niyuzilan aka toshe ƙwayar da ke yinsa aka samu albasa mara sa kuka. Kuma wlh kundin gadonta ya ninka na ɗan Adam kusan sau 5, wannan 'yar abar da muke yankawa a miya.

Baban Sadiq: To Malama ruwan ba ruwansa kenan?

Malama Agirik: Da ɗan ruwansa Baba, ƙasa mai farar wuta da yawa tana ƙara mata yaji, haka ma in ta sha ƙishi. Amma tushen a iri yake.

Abu Maradi: Ai mu dama ruwan nan a matsayin raino muke ɗaukarsa ba haihuwa ba, ana faɗa wa almajirin da ya bar halin malaminsa ma. In haka ne Hajiya a sake lissafi, gwaggo cewa ta yi gidan da aka raine shi lafiya lau, irin ne da magana. Yaron a gidan wa ya tashi?

Ummu Khairat: A gidanmu, hannun kakarsa ta wajen uba. Innalillahi, ashe uwar yaron nan ta fi ni jin Hausa 😂 bari in kira ta.