Waɗanda suka ga gwajin mantuwa na tsofaffi a Indunusiya, me kuka gani?

Ɗalibar jinya, Yogyakarta: Assalamu alaikum. Ina sanin makamar aiki a wani puskesmas, ƙaramin asibitin gunduma, kuma muna fita taron lafiyar tsofaffi na wata-wata, posyandu lansia. Muna amfani da MMSE, gwajin mantuwa na tambayoyi mai maki 30. Wata kaka mai sayar da ganye ta kasa faɗin kwanan wata, amma ba ta yi jinkiri ba, ta ce yau Kliwon ce, ɗaya daga ranakun kasuwa biyar na Jawa, kuma daidai ne. Aka ce ta riƙa cire 7 daga 100, ta yi shiru. Matar nan kuwa kullum canji take bayarwa ba kuskure. Makinta ya faɗi, raina bai kwanta ba. Ko akwai wanda ya ga irin haka?

Ɗan kasuwa, Tanah Abang: Wa alaikumus salam, Malama. Na gani da idona. Surukata da yaren Sunda ta tashi, aka yi mata tambayoyi da Bahasa, harshen hukuma na ƙasar, sannan aka miƙa mata biro ta zana agogo. Hannunta rawa yake, ita da ba ta yi boko ba, lokacinta kiran salla ne. A mota ta yi kuka, wai ta ba mu kunya.

Likita, Surabaya: Allah ya ba ta haƙuri, Alhaji. MMSE a Amurka aka tsara shi a 1975, ilimin boko na tasiri a makinsa sosai. MoCA, wani gwajin mantuwar da ake da fassararsa ta Indunusiya tun 2010, yana ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, amma maki ɗaya bai isa wanda bai taɓa shiga aji ba, balle a ƙasa mai harsuna sama da 700. Ni na fi dogara da AD8, tambayoyi takwas da ake yi wa wanda ke zaune da tsohon: ya fara maimaita magana? Lissafin kuɗi ya fara rikice masa? Da yadda yake a da ake auna shi.

Maman Fadila, Bandung: Likita, ni tsorona kada a fake da wannan a bar mara lafiya. Mai gidan da muke haya ya faɗi gwajin, 'ya'yansa suka ce ai gigin tsufa ne, kowa ma zai yi. Daga baya ya fara rasa adadin raka'o'i, ya ɓace a hanyar masallacin da ya yi shekaru yana zuwa. Ƙungiyar Alzheimer's Indonesia, tun kafuwarta a 2013, wannan sakacin take yaƙa.

Ɗalibar jinya: Gaskiya ne, Yaya. Gobe zan roƙi wata kader, 'yar sa-kai ta unguwa, ta sake yi wa kakar tambayoyin da Jawanci na girmamawa, kuma mu zauna da 'yarta.