“Gyaran zama” ko “riƙe sahu”?

Jama'a, ina neman sunan wani aiki da Hausa. Tauraron ɗan'adam na sadarwa ba ya tsayawa kan hanyar da aka ɗora shi, sai masu kula da shi sun riƙa kunna masa ƙananan injina suna mayar da shi. Kalmar Ingilishin, wato “station-keeping”, in an juyo ta kai tsaye, “tsaron tasha” take bayarwa. Wannan kam sai ka zaci maigadi ake nufi.

Da farko “gyaran zama” ta kwanta mini, kuma ta dace da taurarin da ke kilomita 35,786 saman layin da ya raba duniya kudu da arewa, waɗanda daga ƙasa kamar a zaune suke wuri guda.

To amma ku dubi falakin Molniya, wata hanyar kewaya duniya, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara amfani da shi a 1965 domin arewacinta mai nisa, inda wancan tauraron zaunanne ba ya isa sosai. Siffar ƙwai gare shi, ƙwan ma dogo. Tauraro ya sauko ƙasa da kilomita dubu ɗaya a kudu, ya wuce fyau, sannan ya haura wajen kilomita 40,000 a arewa yana jan ƙafa. Zagaye ɗaya kusan awa 12. Guda uku ke karɓa-karɓa, kowanne kimanin awa takwas. Ina zaman yake a nan?

An karkatar da falakin digiri 63.4 da gangan, don a wannan kusurwar ce tumbin duniya, wato kumburin tsakiyarta, ba ya juya ƙololuwar falakin ta bar arewa. Duk da haka jan Wata da na Rana suna wasa da gindin falakin, inda ya fi kusa da ƙasa, wani lokaci su ɗaga shi, wani lokaci su tura shi cikin iska har tauraro ya ƙone. Lokacin zagayen ma in ya goce kaɗan, mai karɓar aiki ba zai iso kan kari ba, sadarwa ta yanke.

Shi ya sa na karkata ga “riƙe sahu”. Sahu na nufin jeri, wato tazarar da ke tsakanin ukun, kuma sawu ne, wato layin da tauraro ke maimaitawa bisa doron ƙasa. Duka biyun ake kashe wa mai.

Wani ɗan'uwa ya kawo “kiwon tauraro”. Da daɗin ji, sai dai kiwo ya haɗa har da lura da batir da zafi, ya yi faɗi.

Ku gwada ta a baki: “Man riƙe sahu ya ƙare, an sallami tauraron.” Wanda kunnensa ya ƙi, ya kawo tasa.