Don Allah ku taimaka: sakamakon firaktikal ɗina ya ninka, Litinin zan miƙa rahoto

Ɗalibar Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwas ɗin kemistirin nan ya hana ni barci. Bara rashin lafiyar Mama ta sa ban zauna jarrabawarsa ba, bana kuma Baba ya ce in na faɗi ba zai biya kuɗin ƙarin shekara ba. Mu shida ne a rukuni, biyu ba su zo ba, ɗaya waya kawai take latsawa. An ba mu benzoic acid mu gano nauyin mol ɗinsa ta hanyar saukar ma'aunin daskarewa. Littafi ya ce 122, lissafina ya ba ni 238. In gyara lambobin ne, ko in miƙa haka?

Yaya Injiniya: Ƙanwata, kin manta van 't Hoff factor, wato i, adadin ƙwayoyin da kowace ƙwaya ɗaya take komawa in ta narke. Acid rabuwa yake yi gida biyu kamar gishiri. Sa i = 2, magana ta ƙare.

Malama Uwar Biyu: A cikin me kuka narkar da shi? Ba ki faɗa ba.

Ɗalibar Kimiyya: Benzene ne, Malama, giram 25. Acid ɗin giram 0.50, saukar ta kai digiri 0.43, Kf, wato ƙayyadadden adadin saukar daskarewa na benzene, kuma 5.12.

Malama Uwar Biyu: To kada ki taɓa lambobinki, 'yata. Abin da wannan gwaji yake ƙirgawa yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwan ne, ba irinsu ba. Da rabuwa ya yi, nauyin ƙasa zai yi, kamar yadda gishiri a ruwa yake ba da kusan rabin nauyin mol ɗinsa na 58.5. A benzene kuwa ƙwayoyin benzoic acid haɗewa suke yi bibbiyu ta wani ɗauri da ake kira hydrogen bond, sai su auna kusan 244. Naki i ɗin wajen 0.5 yake. In kin sa 2, 476 za ki samu.

Yaya Injiniya: Malama, da girmanki, ni na koyar da wannan a lesin. Ko ma dai mene ne, tamomitarsu ce matsalar. Ruwan kan zarce ma'aunin daskarewa ya yi ƙasa kafin ƙanƙara ta kama, na tabbata nan ta karanta. Ta sake gwajin kawai.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya, na yi ta juyawa, kuma sai da ma'aunin ya dawo sama ya tsaya na rubuta. Sakewa ba zai yiwu ba, an rufe lab.

Ɗan Zango: Har yanzu benzene ake ba ɗalibai? Yana jawo sankarar jini fa! Mu ma haka aka sa mu shaƙa, injin zuƙe hayaƙi a lalace, muka yi ƙorafi aka ce mun cika surutu. Cyclohexane ya kamata a koma.

Maman Ikram: Ni dai rubuta abin da ya kusa 122 ki huta. Gaskiya na rubuta a nawa, mai makin ko bayanin bai karanta ba.

Malama Uwar Biyu: Ƙirƙirar sakamako ha'inci ne. Ta rubuta 238 ta yi bayanin haɗewar.

Ɗalibar Kimiyya: Na ji, Malama, amma a takardar gwajin babu inda aka ambaci wata haɗewa, kuma sauran rukunin sun riga sun rubuta 125. In nawa ya fita daban, wa za a ce ya yi kuskure? Akwai wanda ya taɓa miƙa irin wannan aka karɓa?

Yaya Injiniya: Na gaya miki tamomita ce.